Labarin Filin Wasan Birnin Cleveland Da 'Yan Hayarsa

A jihar Ohio ta ƙasar Amurka, a bakin wani babban tafki mai suna Erie wanda ke tsakanin Amurka da Kanada, akwai wani birni ana ce da shi Cleveland. A shekarar 1930 mutanensa sun ɗara 900,000, shi ne na shida wajen girma a ƙasar duka. Arzikinsa na ƙarfe ne da man fetur. Jiragen ruwa suna kawo tama ta tafki, jiragen ƙasa suna kawo kwal, a narka a manyan maƙeru da ke jere a bakin kogin Cuyahoga, a nan ne kuma John D. Rockefeller ya kafa kamfaninsa na Standard Oil a 1870. Wannan birni ya gina wa kansa filin wasa da kuɗin jama'a, filin ya yi shekara 65 a tsaye. Muna so mu ba da labarinsa, domin ko wanda bai taɓa ganin irin wasannin da aka yi a ciki ba, in dai ya taɓa zama a ofishin ma'aji ya ga yadda ake haɗa kasafi, zai gane inda maganar ta nufa. Filin na gari ne, ƙungiyoyin da ke wasa a ciki kuwa na attajirai ne. Ƙungiya tana iya naɗe kayanta ta tashi, amma fili ba shi da ƙafa.

Sai mu fara da wasannin kansu, don kada mai karatu ya zaci tamaular da ya sani ake nufi. Na farko shi ne besbol, ɗan'uwan kiriket. Mutum tara-tara ke yinsa. Wani ya jefo ƙaramin ƙwallo mai tauri, wani ya doke shi da kulki ya ruga ya zaga tasha huɗu, in ya komo inda ya tashi ya ci ɗaya. Wanda ya doka har ƙwallo ya haye shinge kuwa, sai ya zaga abinsa a tsanake. Filinsa kamar an yanko rubu'in faifai ne. Ana yinsa daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, a wancan zamani kowace ƙungiya tana da wasa 77 a gida cikin shekara. Na biyu shi ne ƙwallon Amurka, dangin zari-ruga, na mutum goma sha ɗaya-ɗaya sanye da kwalkwali, suna ɗaukar ƙwallo mai siffar ƙwai da hannu suna kutsawa. Filinsa miƙaƙƙe ne kamar tabarma, tsawonsa yadi 120, faɗinsa yadi 53 da 'yan kai. Shi sau ɗaya ake yinsa a mako, daga Satumba zuwa Disamba, wasannin gida ba su wuce shida zuwa takwas ba. To, duk wanda ya ce zai haɗa rubu'in faifai da tabarma cikin danga ɗaya, lalle kujerar da ta dace da kallon wannan ta yi nisa da kallon wancan. Wannan cuta tun ran gini filin Cleveland ya zo da ita.

Gini Kafin Yarjejeniya

Uban tafiyar shi ne William R. Hopkins, wanda majalisar gari ta ɗauka ya zama manajan birnin tun 1924. Shi da waɗansu attajirai masu filaye da hanyoyin jirgin ƙasa suna ganin in aka yi babban dandali a bakin tafki, jama'a za su riƙa kwararowa tsakiyar gari, ciniki ya bunƙasa. Ƙungiyar besbol ta garin, wadda a lokacin ake kira Indians, tana da nata fili mai suna League Park, amma tsoho ne, can cikin unguwa, kuma da kaɗan ya wuce cin mutum 20,000. A watan Nuwamba 1928 aka kai maganar gaban masu jefa ƙuri'a, ko sun yarda gari ya ci bashin dala 2,500,000 don ginin. Wajen kashi 60 cikin 100 suka ce sun yarda. Ba a cika shekara ba kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoba 1929, talauci ya rufe ƙasar. Shi kansa Hopkins majalisa ta sallame shi a farkon 1930, tun ba a sa harsashi ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

An fara aiki a watan Yuni 1930, a kan wani wuri da aka ƙwato daga tafki ta hanyar cike shi da juji, har da tsofaffin motoci da tayoyi. Ran 1 ga Yuli 1931 aka gama, watau cikin shekara guda da 'yan kwanaki, kuɗin kuwa ya kai wajen dala 3,000,000, ya zarce abin da aka nemi iznin jama'a a kai. Bene ne mai hawa biyu, an lanƙwasa shi kamar takalmin doki, a bakinsa na gabas aka jera bencina ba rufi. Kujerunsa 78,189. Har yanzu akan ji masu cewa don neman gasar Olamfik ta 1932 aka gina shi. Ba haka ba ne, domin tun 1923 aka ba Los Angeles wannan gasa. Akan kuma ce yana cikin ayyukan da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta yi don sama wa marasa aiki abin yi, alhali kuwa an gama shi Roosevelt bai hau mulki ba. Mutanen Cleveland ne suka ci bashin, su ne kuma suka biya.

Taron farko dambe ne. Ran 3 ga Yuli 1931 Max Schmeling, Bajamushe mai riƙe da kambun duniya na masu nauyi, ya kara da Young Stribling, ya ci shi a turmi na 15. Mutum kimanin 37,000 suka zo, ko rabin kujerun ba a cika ba.

A nan ne wautar farko ta bayyana. Gari ya kammala gini bai riga ya ƙulla yarjejeniya da wanda zai yi haya ba. Shugaban Indians, Alva Bradley, ya san yana da inda zai yi wasa, ya kuma san gari ba shi da wani ɗan haya sai shi, saboda haka bai yi gaggawa ba. Aka yi ta ciniki har shekara ta zagayo. Sai ran 31 ga Yuli 1932 Indians suka yi wasansu na farko a wurin, gaban mutum fiye da 80,000, taron da besbol bai taɓa gani ba, ƙungiyar Philadelphia ta ci su 1 da 0. Daɗin bai daɗe ba. Filin ya yi wa besbol girma, daga inda mai kulki ke tsayawa zuwa bangon tsakiya ƙafa 470 ne, 'yan wasa suka yi ta kukan dukan da zai haye shinge a wani wuri nan sai ya faɗa hannun abokin gaba. Har aka rushe filin ba a sami wanda ya doka ƙwallo ya faɗa kan bencinan tsakiya ba. Ga kuma talauci. A 1933 duk 'yan kallon shekara ba su kai 400,000 ba, watau kimanin mutum 5,000 ke nan a kowane wasa, cikin kujeru 78,000. Da shekara ta ƙare Bradley ya kwashe mutanensa ya koma League Park.

Daga 1937 har 1946 Indians suka zama 'yan haya na ganin dama. Ranakun Lahadi da na hutu, sa'ad da suke sa ran taro, su zo bakin tafki, sauran ranaku su zauna gida. Da aka kafa fitilu a 1939 suka ƙara da wasannin dare, domin League Park ba shi da fitila. A irin wannan dare ne, ran 17 ga Yuli 1941, aka tsayar da Joe DiMaggio na ƙungiyar Yankees bayan ya yi wasa 56 a jere ba ranar da dukansa bai ci ba, bajintar da har yau ba a kamo ba. Gari kuwa yana ta biyan bashi, yana cike gurbi da abin da ya samu, yau taron addini, gobe wasan 'yan kwaleji.

Ƙwallon Amurka ma bai fara da alheri ba. Ƙungiyar garin, Rams, ta ci kambun ƙasa a wannan fili ran 16 ga Disamba 1945, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ta doke Washinton 15 da 14. Ba a yi wata guda cikakke ba mai ita, Dan Reeves, ya sami izni ya ɗauke ta ya kai Los Angeles. Mutanen Cleveland ba su yi dogon kuka ba, don sabuwar ƙungiya tana tafe. Amma sun ga samfurin abin da zai same su bayan shekara 50.

Shekarun Cika

In za a yi wa filin adalci, sai a ce daga 1946 zuwa 1964 ya biya bukatar da aka gina shi dominta. A 1946 aka kafa ƙungiyar Browns ƙarƙashin koyarwar Paul Brown, wanda asalinsa mai koyar da wasa ne a makarantar sakandare. Malamai za su so jin wannan: shi ne ya mai da ƙwallon Amurka abin karatu, 'yan wasa su zauna a aji da littafin rubutu, a yi musu jarrabawa, a nuna musu majigin wasan da ya wuce don su ga kurakuransu. Wasansu na farko, ran 6 ga Satumba 1946, mutum fiye da 60,000 suka zo, suka ci Miami 44 da 0. Suka ci kambun rukuninsu shekara huɗu a jere, da suka shiga babban rukuni na NFL a 1950 suka ci nan ma, wa kuwa suka kayar a wasan ƙarshe in ban da Rams ɗin da ta guje wa garin, 30 da 28.

A 1946 ɗin ne kuma Bill Veeck ya sayi Indians, shekara mai zuwa ya tare da su bakin tafki ɗungum. Mutum ne mai dabara. Ya kafa shinge a ciki don ya rage girman filin, har yakan matsar da shi gaba ko baya gwargwadon ƙarfin baƙin da za su zo, sai da hukuma ta yi doka ta hana. A 1948 mutum 2,620,627 suka biya kuɗin shiga, adadin da ba ƙungiyar da ta taɓa samu kafin nan. A wasa na biyar na gasar ƙarshe ta zakarun besbol, ran 10 ga Oktoba, aka ƙirga mutum 86,288. Indians suka ci kambun a wannan shekara. A 1954 suka ci wasa 111 cikin 154, amma suka faɗi a gasar ƙarshe.

Abin da ya fi waɗannan lissafe-lissafe nauyi a wurinmu shi ne waɗanda suka yi wasan. A zamanin nan an rufe wa baƙar fata ƙofar manyan ƙungiyoyi, ba da rubutacciyar doka ba, da haɗin bakin masu ƙungiyoyin. Paul Brown ya ɗauki Bill Willis da Marion Motley tun 1946, ko da yake sa'ad da ƙungiyar ta tafi wasa Miami a ƙarshen shekarar dole aka bar su gida, saboda dokar wariya ta jihar Florida da barazanar kisa da aka aiko. A Yuli 1947, mako 11 bayan Jackie Robinson ya fara wasa a Brooklyn, Veeck ya kawo Larry Doby, baƙar fata na farko a rukunin American League. A 1948 ya ƙara da Satchel Paige, gwanin jifa wanda wariya ta cinye masa ƙuruciya, ya shigo yana da shekara 42. Daren 20 ga Agusta mutum 78,382 suka zo kallonsa, ya hana Chicago cin ko ɗaya. A gasar ƙarshe Doby ya yi dukan da ya ba su nasara a wasa na huɗu, jaridu suka buga hotonsa rungume da abokin wasansa Bature, Steve Gromek, kunci da kunci, hoton da ya zama abin magana a ƙasar da ake raba wa mutane wurin shan ruwa. Bayansu Jim Brown ya zo a 1957, ya yi shekara 9 bai taɓa fashin wasa ba, yana cikin waɗanda suka ci Baltimore 27 da 0 ran 27 ga Disamba 1964. A wannan fili kuma, ran 8 ga Afrilu 1975, Frank Robinson ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiya a manyan rukunan besbol.

Bari mu ɗan ratse, don kada a ce mai fili ba shi da iko ko kaɗan. Sa'ad da Rams suka isa Los Angeles a 1946, filin da suke so na jama'a ne, hukumar da ke riƙe da shi ta matsa musu lamba su ɗauki baƙar fata, suka ɗauki Kenny Washington da Woody Strode. A 1961 kuma mai ƙungiyar Washinton, George Preston Marshall, wanda ya fi kowa taurin kai kan wariya, ya so sabon filin da aka gina a ƙasar gwamnatin tarayya. Ministan da ke kula da filayen gwamnati, Stewart Udall, ya ce ko ya ɗauki baƙar fata ko ya nemi wani wuri. Ya sauko, ya karɓo Bobby Mitchell daga Browns ta Cleveland. A wuraren nan biyu ɗan haya ne ke cikin bukata, shi ya sa maganar mai gida ta yi tasiri. A Cleveland kuwa tun 1931 mai gida ne mabukaci.

Gari Ya Rame, Fili Ya Tsufa

A ƙidayar 1950 mutanen Cleveland 914,808 ne, ba su sake kai wannan adadi ba. Masu hali suka riƙa ƙaura zuwa sababbin unguwanni na bayan gari, inda harajinsu ba ya shiga baitulmalin birnin, maƙeru suka riƙa rufewa. A 1969 kogin Cuyahoga ya kama da wuta saboda dattin mai da ke kansa. A Disamba 1978 birnin ya kasa biyan bankuna bashin kimanin dala miliyan 15, babban birni na farko da haka ta same shi tun zamanin talaucin 1930. Kafin 1990 mutanensa sun dawo ƙasa da 510,000.

Filin ma haka ya bi. Ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da bene suna tare wa dubban mutane gani. Iskar tafki tana kaɗawa da sanyi a farkon shekarar wasa da ƙarshenta, da zafi kuma ƙwari su taso. In Satumba ta yi, 'yan ƙwallon Amurka su tattake ciyawar 'yan besbol, su kuma su yi ta faɗuwa kan tsurar ƙasar da besbol ke bukata. Mutane suka laƙaba masa suna Kuskuren Bakin Tafki. Indians suka shekara 40 ba su sake zuwa gasar ƙarshe ba, aka yi ta raɗe-raɗin za a mai da su Seattle ko New Orleans. Ran 4 ga Yuni 1974, don a jawo 'yan kallo, aka karyar da farashin giya zuwa santi 10, mutum 25,134 suka zo, kafin a tashi bugaggu suka afka cikin fili da kujeru da sarƙoƙi, alƙalin wasa ya ba baƙi nasara. A Mayu 1981 Len Barker ya yi abin da ba a cika gani ba a besbol, ya fid da abokan gaba 27 a jere ba wanda ya kai tashar farko, amma mutum 7,290 kaɗai suka shaida. Browns kuwa, duk da ba su sake cin kambu ba bayan 1964, jama'a ba su guje su ba. Ko dusar ƙanƙara na zuba sukan tara mutum 70,000 zuwa 80,000, masu bencinan gabas har suka yi suna wajen haushi irin na karnuka da jifan baƙi.

Yanzu sai mu zo kan takarda. Art Modell, ɗan kasuwar talla daga New York, ya sayi Browns a 1961 kan dala miliyan 4, ya kori Paul Brown a farkon 1963. Da gari ya ga filin yana cin kuɗi kowace shekara, sai ya ba kamfanin Modell hayarsa ta shekara 25, daga wajen 1973 zuwa 1998. Shi zai ɗauki nauyin tafiyar da shi, shi kuma zai kwashi abin da ya shigo. Ya gina ɗakunan alfarma fiye da 100 waɗanda kamfanoni ke kamawa da tsada. Ta haka ɗan haya ɗaya ya zama mai gidan ɗaya ɗan hayan. Indians su ne ke buɗe ƙofa sau 81 a shekara, amma ba su da rabo a kuɗin ɗakunan nan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Suka ce su fa sai an gina musu nasu.

A 1984 aka nemi jama'ar gundumar Cuyahoga su yarda da ƙarin harajin gidaje don a gina fili mai rufi, suka ƙi. A Mayu 1990 aka komo ta wata ƙofa, harajin shekara 15 a kan giya da taba. Ana saura kwanaki kaɗan a jefa ƙuri'a shugaban hukumar besbol na ƙasa ya zo ya yi hannunka mai sanda, cewa in ba sabon fili, ba tabbas Indians su zauna. Ƙuri'a ta ci da ƙyar, kuma yawancin mazauna cikin birnin, inda talakawa suka fi yawa, ƙi suka yi, mutanen bayan gari ne suka rinjaye su. Indians suka yi wasansu na ƙarshe a bakin tafki ran 3 ga Oktoba 1993, a Afrilu 1994 suka tare a sabon gida, inda daga 1995 zuwa 2001 suka yi wasa 455 a jere ba kujerar da ba a sayar ba.

Tashin Browns

Aka bar Modell da tsohon gini, babu mai biyansa haya. Jami'an gari sun ce an yi masa tayin shiga sabon tsarin ya ƙi, shi kuwa ya ce an yi wa kowa gata an mance da shi. Ko wanne ne gaskiya, bashi ya yi masa katutu, har a 1995 sai da ya yi rance don ya biya wani ɗan wasa guda dala miliyan 5 kuɗin sa hannu. Can a gabas kuwa birnin Baltimore yana neman ƙungiya ruwa a jallo, domin tasa, Colts, an kwashe ta cikin dare da manyan motoci a Maris 1984 an kai Indianapolis. Jihar Maryland ta yi alkawarin gina sabon fili na wajen dala miliyan 200, ba kuɗin haya. A ƙarshen Oktoba 1995 aka sa hannu a asirce cikin jirgin saman wani attajiri abokin Modell, Al Lerner. Ran 6 ga Nuwamba Modell ya tsaya a Baltimore ya sanar wa duniya. Kashegari mutanen gundumar Cuyahoga suka jefa ƙuri'ar da aka riga aka shirya, fiye da kashi 70 cikin 100 suka yarda a tsawaita harajin giya da taba don a gyara masa tsohon filin. Ihu bayan hari.

Ba mu ga laifin da za a ɗora wa 'yan kallo ba. Ba su daina zuwa ba, ba su ƙi biya ba. Abin da ya faru shi ne wani gari ya taya da tsada fiye da nasu. Ran 17 ga Disamba 1995 aka yi wasan ƙarshe, Browns suka ci Cincinnati 26 da 10. Mutane suka zo da zarto da sufana suna kwance kujeru, waɗansu su tafi da su gida, waɗansu su jefa cikin fili, manya suna kuka, 'yan wasa suka je bencinan gabas suna rungumarsu.

Abin da ya ceci Cleveland daga fita hannu rabbana, layi ne cikin yarjejeniyar hayar nan. An rubuta cewa Browns za su yi wasanninsu na gida a wannan fili har 1998. Magajin gari, Michael White, ya riƙe wannan ya kai kotu, alƙali ya ba da umurni a dakata da ƙaura sai an yi shari'a. Hukumar NFL ta ga abin zai yi tsawo, ga 'yan majalisar tarayya sun fara tambayoyi, sai aka zauna sulhu. A Fabrairu 1996 aka daidaita. Modell ya tafi da 'yan wasansa da ma'aikatansa, ya biya diyya, ƙungiyarsa ta zama Ravens. Amma sunan Browns, da launin rigunansu, da tarihin nasarorinsu, duk suka zauna a Cleveland ajiya, har a kafa sabuwar ƙungiya a 1999. Sharaɗin kuwa shi ne gari ya gina sabon fili.

A Nuwamba 1996 aka fara rushe tsohon, kafin bazarar 1997 ya zama fili fetal. Aka kwashi dubban tan na ɓaraguzansa aka zuba cikin tafkin Erie don kifaye su sami maɓoya. A daidai gurbinsa aka gina sabo na ƙwallon Amurka kaɗai, kan kuɗi fiye da dala miliyan 280, mafi yawansu na jama'a. Wanda ya sayi sabuwar Browns a 1998, kan dala miliyan 530, shi ne Al Lerner, mai jirgin da aka sa hannu a ciki. Kuɗin hayar da aka yanka wa ƙungiyar dala 250,000 ne a shekara, manyan gyare-gyare kuwa a wuyan gari. Ravens suka ci kambun ƙasa a Janairu 2001, suka sake a 2013. Sabuwar Browns kuwa a 2017 ta yi wasa 16 ba ta ci ko ɗaya ba. A 2014 aka sake tsawaita harajin giya da taba da shekara 20, don kula da filayen wasan garin.

Majalisar jihar Ohio ta yi doka a 1996, wadda jama'a ke kira da sunan Modell, cewa ƙungiyar da ke wasa a filin da aka gina da haraji ba za ta tashi ba sai da yardar gari, ko kuwa ta ba da sanarwar wata 6 ta kuma ba mutanen wurin damar sayenta. Dokar ta yi amfani a 2018, sa'ad da aka so ɗauke ƙungiyar tamaula ta birnin Columbus. Amma a Oktoba 2024 masu Browns na yanzu, Jimmy da Dee Haslam, suka sanar za su bar bakin tafki in hayarsu ta ƙare bayan wasannin 2028, su gina fili mai rufi na dala biliyan 2.4 a Brook Park, wani ƙaramin gari da ke wajen iyakar birnin. Cleveland ta kai ƙara da dokar Modell. A 2025 majalisar jiha ta gyara dokar ta zama sai mai barin jihar ɗungum ta shafa, ta kuma ware wa sabon ginin dala miliyan 600. A Oktoba na shekarar magajin gari Justin Bibb ya daidaita da su kan dala miliyan 100, ciki har da kuɗin rushe filin 1999, wanda a lokacin bai cika shekara 27 ba. Wurin da suka zaɓa tsohuwar harabar masana'antar motocin Ford ce, daura da filin jirgin saman Cleveland, wanda ke ɗauke da sunan William R. Hopkins.